Makon da Ya Wargaje a Bakin Tafki

Ya ɗan'uwana mai karatu, idan ka taɓa zama a taron dattawan ikkilisiya ranar da ake duba rahoton masu bishara, ka san fasalin takardar. Akwai gurbin ƙauyukan da aka ziyarta, da gurbin yawan wa'azin da aka yi, da na waɗanda suka shiga ajin baftisma, da na baikon da aka tara. Wani lokaci akan iso kan mako guda wanda duk gurabensa fayau suke, ba lamba ko ɗaya. A nan ne wani dattijo kan gyara zama ya ce, "To, me malamin nan ya yi a kwana bakwai ɗin nan?" Tambayar tana da nauyi, gama a kan amsarta ake yanke shawarar ci gaba da ba shi ɗan abin hannunsa, ko sauya masa wurin aiki, ko kuma a fara yi masa kallon malalaci. Bari mu buɗe irin wannan mako mu ga abin da ke cikinsa, sa'an nan mu tambayi kanmu: lokacin bawan Allah na wane ne, da wane mudu kuma za a auna shi?

Ka ɗauki wani mai bishara da aka aika wata tunga a gaɓar tafkin Kainji, tsakanin Yelwa ta Yawuri da Wara ta Ngaski. Ƙasa ce ta Gungawa da Kambari da Lopawa da Hausawa da Sarkawa masunta, inda rayuwa take bin ruwa. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 tafkin yake cika ya kuma janye kowace shekara. In ya janye ya bar fadama, sai a bi shi da shuka. In ya cika, hanyar ƙafa ta koma hanyar jirgi. Malamin ba ɗan ƙasar ba ne. Da Hausa yake wa'azi, yana kuma fama da koyon harshen mutanen da ya zauna a cikinsu. Daren Lahadi ya zauna da fitila ya rubuta tsarin makonsa: Litinin ziyarar gida gida, Talata ajin baftisma a ƙetaren ruwa, Laraba addu'ar tsakiyar mako, Alhamis ajin koyon karatu na manya, Jumma'a tafiya wani ƙauye a ƙasar Shanga inda gidaje biyu suka aiko a zo a koya musu, Asabar shirin wa'azi.

Ranar Litinin, tun kafin zakara ya yi cara, aka buga masa ƙofa. Matar maƙwabcinsa, wani masunci wanda bai taɓa taka majami'a ba, ta kwana biyu tana naƙuda, ungozoma kuma ta ce abin ya fi ƙarfinta. Malamin ne mai babur a tungar. Ya fita neman mota, ya raka su asibiti a Yelwa, aka ce ana bukatar jini, nasa ya dace, ya bayar. Bai dawo ba sai safiyar Talata. Ya wuce mashigi da jiri a kansa don ya riski ajin baftisma, ya tarar da jirgi ɗaya tak, an lafta masa buhunan albasa da babura har bakinsa ya kusa taɓa ruwa, ga hadarin farkon damina ya haɗo daga gabas. Ya ƙi shiga. Mutum bakwai suna jiransa a ƙetare ƙarƙashin itace, waya ba ta shiga wurinsu. Da la'asar suka watse suna cewa malam ya manta da su.

Laraba wasu 'yan ikkilisiya biyu suka tashi da rigima a kan iyakar fadamar da ruwa ya bari, har aka zare adda. Ya yini tsakaninsu da mai unguwa, da yamma kuma mutum huɗu kaɗai suka zo addu'a, domin iyalan biyu sun ƙi zama a benci ɗaya. Alhamis zazzaɓi ya kwantar da ƙaramar 'yarsa, ajin karatu bai yiwu ba. Jumma'a ya kama hanyar Shanga, taya ta fashe, yana wurin mai faci sai labari ya iso cewa an ga 'yan bindiga a gaba. Tun bayan sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri ranar 17 ga Yuni, 2021, ba mai wasa da irin wannan labari a ƙasar nan, saboda haka ya juyo. Asabar wani tsoho ya rasu a tungar da ke kusa, matasa kuwa sun tafi su, sai malamin ya shiga cikin masu haƙa kabari. Ranar Lahadi ya tsaya gaban jama'a da borori a tafin hannu da wa'azin da bai shirya ba. Cikin abu shida da ya rubuta, ɗaya kaɗai aka yi, shi ma rabi.

Amsa biyu ce take saurin zuwa baki. Mai lissafi zai ce mako ya lalace, an aike shi wa'azi bai yi ba. Mai son kwantar da hankali zai ce haka Allah ya so, ba abin tambaya. Kada ka yi saurin karɓar ko ɗaya daga cikinsu. Na farko ya manta da matar da take numfashi yau da jariri a gefenta. Na biyu ya manta da mutum bakwai da suka bar aikinsu suka zauna ƙarƙashin itace har rana ta karkata.

Mu fara ba tsari haƙƙinsa. Akwai wata ɗarika da ake kira Momon, wadda cibiyarta take Amurka, ta kuma soma aiki a hukumance a Nijeriya a 1978. Koyarwarsu ta bambanta da tamu a manyan abubuwa, amma duniya ta san su da tsare lokaci. Samarinsu kan ba da shekara biyu ga aikin mishan, 'yan matansu wata 18. Suna tafiya biyu biyu, a al'adarsu sukan tashi ƙarfe 6:30 na safe, suna da yini ɗaya a mako na wanki da sayayya da aika wa gida labari, kowane mako kuma sukan kai rahoto ga shugabansu. Ba na kawo su don mu bi koyarwarsu ba. Na kawo su ne don ka ga cewa duk mai ɗaukar aiki da gaske yakan tsara kwanakinsa. Mai bisharar da ba ya rubuta kome, yana cewa Ruhu zai bishe shi, sau da yawa inuwa ce take bishe shi. Tsari kuma alkawari ne ga mutane, alkawari kuwa kaya ne. Manzo Bulus kansa ya ɗanɗana wannan. Ya shirya zuwa Koranti, ya sauya shirin, sai wasu suka fara yi masa kallon mai magana biyu. A babi na fari na wasiƙarsa ta biyu zuwa gare su za ka ga bai ce da su kawai haka Allah ya so ba. Ya zauna ya bayyana musu dalilinsa, cewa don ya sauƙaƙa musu ne bai zo ba. Ya san bashi ne a wuyansa. Haka malaminmu yake da bashin mutum bakwai ɗin nan: ya haye da zarar ruwa ya kwanta, ya faɗa musu abin da ya faru, ya yi musu ajin da suka rasa.

Amma idan tsari ne kaɗai mudun awo, me za mu yi da Ubangijinmu? Buɗe Markus daga ƙarshen babi na 4 zuwa ƙarshen babi na 5, ka bi shi a bakin wani tafki kamar namu. Da yamma ya ce a haye. Guguwa ta taso a tsakiyar ruwa har jirgi ya soma cika. Suna sauka a ƙetare sai wani mai aljannu ya fito daga makabarta ya tarye su. Ya warkar da shi, mutanen wurin kuwa suka roƙe shi ya bar ƙasarsu. Duk wannan tafiya, da haɗarinta, a kan mutum ɗaya ta ƙare. Ya sāke hayowa, sai Yayirus shugaban majami'a ya faɗi a gabansa saboda 'yarsa tana bakin mutuwa. Yana kan hanyar gidan, wata mace mai zubar jini shekara 12 ta taɓa tufarsa, ya tsaya. Ka sa kanka a matsayin Yayirus, ka ji yadda zuciyarsa take tafasa yayin da Malam yake tambayar wa ya taɓa shi. Yana cikin magana da matar aka zo da labari cewa yarinyar ta rasu. Da an ba almajirai takardar rahoto a daidai wannan sa'a, da sun rubuta cewa an makara. Ka san yadda labarin ya ƙare: matar ta tafi da lafiya, yarinyar ta tashi, ya ce a ba ta abinci.

Abin lura a nan shi ne, Yesu bai ɗauki matar nan a matsayin abin da ya tare masa hanyar aiki ba. Ita ma aikin ce. A misalin Basamariye mai kirki kuma, firist da Balawe kowannensu yana da inda za shi. Mai yiwuwa sun isa a kan lokaci, amma ba su ne Ubangiji ya ce a yi koyi da su ba. Saboda haka ranar Litinin ta malaminmu ba ranar asara ba ce. An aike shi ya sanar da mutanen tungar ƙaunar Allah, ya kuwa sanar da ita da jinin jijiyarsa. Ka kiyaye kuma da wata jaraba a nan: kada ka ce ranar ta yi amfani ne idan masuncin ya zo majami'a daga baya. Ko ya zo ko bai zo ba, ceton ran matarsa abu ne da ya cancanci yini guda na bawan Allah. Taimakon da aka yi don a ɗana wa mutum tarko ciniki ne, maƙwabta kuwa suna saurin gane bambancin. Haka ma ranar Laraba. Sulhunta 'yan'uwa biyu a bakin fadama shi ne ainihin abin da addu'ar yammar take roƙo. Ranar Asabar kuma ya yi wa mamaci da masu makoki hidimar da ba ta da gurbi a takarda.

To, sai dai ba kowace hargitsi ce daga hannun Allah take fitowa ba, a nan ne amsa ta biyu take tuntuɓe. Dubi Ayyukan Manzanni babi na 27. Jirgin da ya ɗauki Bulus yana tsibirin Karita, lokacin tafiya lafiya a teku ya wuce, Bulus ya gargaɗe su kada a tashi. Jarumin sojan ya fi sauraron matuƙi da mai jirgin. Suka tashi, guguwa ta kama su har dare 14, da mutum 276 a ciki, jirgin ya farfashe a gaɓar Malita. Gaskiya ne Allah ya cece su duka, ya kuma yi amfani da wata uku da Bulus ya yi a tsibirin. Duk da haka a tsakiyar guguwar Bulus ya tuna musu cewa da sun ji maganarsa da ba su shiga wannan asara ba. Alherin da Allah ya fitar daga ɓarnar bai mai da sakacin ya zama daidai ba.

Mu da muke zaune a bakin wannan ruwa ba ma bukatar a yi mana dogon bayani. Ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Wara, kaɗan ne suka tsira. Hukumomi sun ce jirgin tsoho ne, an kuma yi masa lodin da ya wuce kima. A ƙarƙashin tafkin har yanzu akwai kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, masu fasa cikin jirgi. Idan mai jirgi ya ƙara buhu goma don riba, fasinjoji suka yi shiru don sauri, ba wanda ya sa rigar kariya, sa'an nan muka taru a gidan makoki muka ce kwana ne ya ƙare, mun ɗora wa Allah kayan da hannunmu ya ƙulla. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Saboda haka ƙin shiga jirgin da malaminmu ya yi ranar Talata ba ƙarancin bangaskiya ba ne. Ubangiji kansa ya ƙi faɗowa daga kan Haikali don ya gwada kiyayewar Allah. Juyowarsa daga hanyar Shanga ma haka take. Bulus da bai ji tsoron sarƙa ba ya yarda aka zurara shi cikin kwando ta garun Dimashƙu sa'ad da aka yi kwanton ransa. Akwai ranar da za a bukaci bawan Allah ya ba da ransa saboda Sunan. Taya mai faci da jirgi mai yoyo ba su ne wannan rana ba.

Akwai kuma hargitsin da yake fitowa daga rashin iya cewa a'a. Wani mai bishara kowa ya kira shi sai ya tashi, har ya zama ɗan aiken gari, Maganar da aka aike shi da ita kuwa tana kwance a jaka. Ka tuna da safiyar nan a Kafarnahum, a Markus babi na 1. Yesu ya fita tun da duhu ya yi addu'a, almajirai suka same shi da labarin cewa kowa yana nemansa, shi kuwa ya ce a tafi waɗansu garuruwa, domin wa'azi a can ma yana cikin abin da ya fito yi. Wanda ya tsaya saboda mace ɗaya shi ne ya bar taro guda a baya. Ba jerin dokoki ne ya raba masa wannan da wancan ba. Sa'o'in da ya yi da Uba kafin gari ya waye su ne suka nuna masa. Mai bisharar da mako ya cinye masa addu'arsa ta asuba zai rasa ma'aunin da zai gane kiran Allah daga kiran surutu.

Ka lura kuma da abin da Yetro ya gaya wa Musa a Fitowa babi na 18, da ya gan shi yana shari'a shi kaɗai daga safe har yamma: zai gajiyar da kansa, ya gajiyar da jama'a, sai ya naɗa amintattun mutane su ɗauki wani sashe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da akwai wani da aka koyar a ƙetaren ruwa, da ajin Talata bai watse ba. Da akwai wata a zumuntar mata da ta iya riƙe allo, da ajin Alhamis ya zauna yayin da uban yake jinyar 'yarsa. Zamansa a gefen yarinyar kuwa ba satar lokacin ikkilisiya ba ne, gama wasiƙa ta fari zuwa ga Timoti ta sa kula da gida cikin sharuɗan mai kula da jama'ar Allah. Wani ɓangare na hargitsin makon nan, ka gani, daga wurin waɗanda suka aike shi shi kaɗai yake.

Tarihin bishara a ƙasarmu ma da irin waɗannan makonni aka gina shi. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da nufin shiga ƙasar Hausa. Kafin ƙarshen 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida, daga baya kuma Bingham ya koma gida. Sai a 1902 aka kafa tasha a Patigi, daga wannan tushe kuma SIM da ECWA suka fito. A 1900 Bishop Tugwell da Dokta Walter Miller suka isa Kano, Sarki Aliyu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Miller ɗin ne ya zama jigo a fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. A. W. Banfield ya soma aiki a Shonga ta ƙasar Nupe a 1905, mishan ɗinsa kuma ya miƙo sannu a hankali zuwa Salka da Zuru da Yelwa da Tungan Magajiya, inda ikkilisiyoyin UMCA suke tsaye yau. Da an auna shekarar 1894 da takardar rahoto, da an rufe littafin. Kada kuma wannan ya sa ka ce kowace faɗuwa nasara ce a ɓoye. Waɗanda suka biyo baya sun koyi shan kwini, sun koyi harshe, sun gyara shirinsu. Sun dogara ga Allah, sun kuma ɗauki darasi.

Saboda haka, ɗan'uwana, idan irin wannan rahoto ya zo hannunka, kada ka tsaya a kan guraben. Kira malamin, ka ba shi ruwa, ka ce ya ba ka labarin makon rana rana. A kan kowace rana ka tambaya: mutum mai bukata ne Allah ya tsayar a gabansa, ko halin hanya ne da ruwa, ko kuwa sakaci ne, nasa ko namu? Inda ya amsa kiran maƙwabci, ka gode wa Allah tare da shi. Inda ya bar mutane suna jira, ka tambaye shi yaushe zai koma. Inda ya yi sakaci, ka faɗa masa gaskiya cikin ƙauna. Inda laifin namu ne, mu saya masa taya da rigar kariya, mu ba shi abokin aiki.

Kai ma kana da naka makon, ko kai manomin albasa ne, ko mai sayar da kifi, ko malamar makaranta, ko ma'aikacin asibiti. Manzo Yakubu ya tsauta wa masu tsara tafiya da ciniki na shekara guda kamar gobe a aljihunsu take, ya koya mana mu jingina shirinmu ga yardar Ubangiji. Bai hana mu shiri ba. "In Allah ya yarda" da muke faɗa kullum tana da fuska biyu: tana hana ka girman kai a kan gobe, tana kuma ɗaure ka ka yi iyakar ƙoƙarinka a kan abin da ka alkawarta. Wanda ya faɗe ta alhali ya san ba zai zo ba ya ambaci sunan Allah a banza. Rubuta tsarinka daren Lahadi, ka riƙe shi da gaske, ka kuma bar ƙofarka yadda mai bugawa da asuba zai ji an amsa.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, kwanakinmu a hannunka suke. Ka ba mu himmar tsara su da amincin cika alkawarinmu. Ka buɗe idanunmu mu gane wanda ka aiko ya tsai da mu a hanya, ka kuma tsare mu daga kiran sakacinmu nufinka. Ka kiyaye bayinka masu ratsa ruwa da daji a ƙasar Yawuri da Ngaski da Shanga, su da iyalansu, da matuƙan jirage da dukan masu hawa. Ka koya mana mu auna wahalarsu da mudun da kai kake awo da shi. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.